Malam, Mu Goge Ko Mu Bari?

Malamin lissafi ya more. Biyu da biyu huɗu ne tun zamanin Bagauda, ba majalisar da ta taɓa zama a kansu. Malamin tarihi da gwamnati a sakandaren Sabon Birni kuwa, sai ya ji labaran rediyo kafin ya ɗauki alli.

A 2019 ya koya wa yara cewa Ganduje ya raba masarautar Kano biyar, Gwarzo da Kabo sun koma ƙarƙashin Sarkin Ƙaraye. Suka rubuta, suka haddace, har wasu suka sha bulala a kai. A watan Mayun 2024 majalisar dokokin Kano ta soke dokar da ta raba masarautar, Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi II gadon sarauta. Mako bai cika ba Abuja ta sauya taken ƙasa, ta dawo da na 1960, wanda malamin ma bai iya ba. Wata biyu bayan nan Ƙaraye ta sake samun sarki, mai daraja ta biyu.

Wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu:

"Malam, wanda ya faɗi jarrabawar bara don ya rubuta masarauta ɗaya, za a mayar masa da makinsa?"

Malam ya ce a fita tara.