Faifan Windows a Mallawa

Kwamfuta in ta fara tafiyar hawainiya, magani guda masu gyara suka sani: a wanke ta tas, a zuba mata sabon Windows. A Mallawa ma haka ne, sai dai nan akwai ƙarin yaji.

Kwamfutar gwanjo ce daga Kano, faifan kuwa daga Damagaram ya zo, da Faransanci yake magana. Yaro mai gyara zai hura masa iska, ya goge shi da gefen riga, ya tura cikin mazubi, ya hau dannar F12 ba ƙaƙƙautawa don injin ya tashi daga faifan. Ƙurar hunturu ta riga ta yi gida a ciki, sai ƙugi kake ji kamar injin niƙa. Aiki na kai rabi, batir ya ce ga garinku nan.

In Allah ya sa an gama, saura rubutu. Madannan na Turancin Ingilishi ne, sabon tsarin na Faransa: ka danna A, Q ta fito. Malam Abdu ya wayi gari sunansa Qbdu.

Sai Alhaji mai kwamfutar ya leƙo: "Yaro, ina hotunan bikin Hajiya?"

"Ai ranka ya daɗe, wanki ka ce."

Faifan ma Windows 7 ne, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020. Don Allah, kafin ku kai wanki, ku kwashe hotunanku a filash.