Gadon da Zuciyarsa ke Bugawa

Tun ranar farko Kawu da na'urar ba su jitu ba. Daga Kafanchan aka kawo shi, numfashi na yi masa wuya, aka ba shi gado a wani asibiti a Sabon Tasha, jinya ta faɗo kaina.

Sista ta maƙala masa wani abu a yatsa kamar abin shanya, jan haske na ci a cikinsa. Ta ce hasken ratsa yatsa yake yi, daga yadda jini ya shanye shi na'urar ke lissafa oksijin da bugun zuciya. A oksijin, mai lafiya 95 ne zuwa sama. Ta saita iyaka: in oksijin ya sauka ƙasa da 90, ko bugu ya haura 120, sai kuka. Fitila rawaya, a zo a duba. Ja, a zo a guje.

Sai dai na'urar ba ta san Kawu ba, yatsa kawai ta sani. Ya yi susa, kuka. Sanyin hunturu ya kama yatsan, kuka. Maƙalin ya zame, wani kukan daban. Akwai maɓallin yin shiru, amma minti biyu yake ɗauke maka, ta dawo da sabon ƙarfi. Na gaya wa Kawu wani injiniya ɗan Japan ne, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Ya ce, "Me na tare masa?"

Wajen asuba barci ya sace ni a kan kujera, hannuna a gefen gado. Da na farka, ɗakin tsit, abin da ban taɓa ji ba. Allo na nuna 98, bugu 72. Na ce alhamdu lillahi, Kawu ya warke. Na juya: bargo a yaye, gado wayam.

Babu mutum, amma ga zuciya na bugawa! Ina kallo lambar ta tashi, 90, 110, 126. Fitila ta kama, kuka ya ɓarke. Ina salati, lamba na ƙara hawa.

Sista ta shigo da sauri, ta dubi gado, ta dubi allo, ta bi waya da ido har zuwa ɗan alina.

"Malam, kai ne majinyacin yanzu? Ina Baba?"

Sai ga shi ya turo ƙofa, kofin shayi a hannu, burodi a hammata, yana haki. Wai ya ga in ya cire abin na'urar za ta tona masa asiri, shi ne ya ba ni ajiya.

Sista ta yi faɗa sosai, ta ce da ya faɗi a bakin titi fa, alhali allo na cewa lafiya lau? Ta mayar masa da maƙalin. Lamba ta tsaya a 92.

Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "'Yata, ɗazu 98 aka gani a gadon nan. Ita za ki rubuta wa likita."