Wasiƙa Zuwa Ga Malam Fasfo, Mazaunin Ƙasan Akwati

Zuwa ga Malam Fasfo,
Koren littafi mai shafi 32,
Ƙarƙashin zannuwan uwargida, Dandume.

Ina yi maka ban gajiyar kwanciya, don tun ranar da ka shigo gidan nan ita kaɗai ce aikin da na ga kana yi. Da na ce ranka ya daɗe, to amma an riga an buga ranar rasuwarka a ƙarƙashin hotona.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani labari da ya iso mu har rumfar masu hatsi. Wai akwai Turawan da kan sayar da gida su sayi ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, su ɗauki mata da kare, su ce za su zaga duniya. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Mairuwa, na ɗauka guguwa ce ke hana su barci. Ashe kai ne. Idan hunturu ya kama, Bahar Rum kan yi fushi, dole mutum ya nemi tashar da zai ɗaure jirgi ya jira bazararsu. A nan danginka ke fito da alƙalamin lissafi. Baƙo a ƙasashen Turai na Shengen kwana 90 gare shi cikin kowane kwana 180, amma jirginsa, in daga waje ya zo, an yarje masa wata 18. Ka ji fa, jirgi ya fi mai shi farin jini. Tun 2021 mutanen Ingila ma sun shiga layin masu ƙirga kwanaki da yatsu. Sai ka ga dattijo mai furfura ya kwance igiya ya nufi Monastir ta Tunisiya ko Marmaris ta Turkiyya, can ma a ce ina inshora, ina takardar mallakar jirgi, ina sunayen waɗanda ke ciki, in zaman zai yi tsawo ina iƙama. Har karen da nasa fasfo. Wallahi da na ji haka sai na ɗan ji sanyi a raina, Allah Ya yafe mini. Da can na zaci mu kaɗai ka raina.

To, Malam, bari in tuna maka cewa an yi tafiya kafin a haife ka, kuma doguwa. Kakanninmu sun tashi daga ƙasar Katsina da Zazzau da ƙafa da jaki, su bi ta Kano su faɗa Borno, su wuce Wadai su shiga Darfur, su bi ta Alfashir da Al'ubayyid har su ga kogin Nilu. Su ma suna da nasu ɗaure jirgin, sai dai damina ce ke yanke musu hukunci. Inda ruwa ya sauka, nan za a sauke kaya, a roƙi gona wajen mai gari, a yi shuka, a girbe, a sayar a yi guzuri, sannan a ƙara gaba. Babu wanda ya tsaya yana ƙirga musu kwana 90. Da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, mutanenmu da suka buɗe ido suka ga auduga a bayan gida suka sami wurin yada zango. Wani ya ce kaka ɗaya zai yi, sai ga shi da jikoki. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har gobe ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa.

Sai a bakin Bahar Maliya aka fara jin ƙamshinka. Turawan mulki suka ce alhaji sai da takarda, sai da lamba a dantse, sai ya ajiye kuɗin komawa gida, sai an killace shi a Sawakin kafin ya hau jirgin Jidda. Talakan da ya shekara biyar yana tafe, ina ya ga kuɗin ajiya? Da yawa suka zame ta Masawa, ƙasar da Italiya ke riƙe da ita a lokacin, suka shiga ƙananan jiragen Larabawa masu tafiya da iska cikin dare. Wasu sun isa, wasu ruwa ya ci su, wasu aka sauke su a gaɓar da babu ko rijiya. Allah Ya jiƙansu. Wannan ba wurin raha ba ne, na faɗa ne don ka san akwai rayuka a tarihin gidanku.

Mu dawo kanmu, ni da kai.

Kafin ka yarda ka zo hannuna sai da ka haɗa ni faɗa da sauran takarduna. Katin ɗan ƙasa ya ce sunana Muhammad, takardar banki ta ce Mohammed, ta firamare ta ce Mamman, alhali duk Dandume ba mai kirana da ko ɗaya daga ciki. Ranar haihuwa kuwa, tsohuwa ta ce da kaka ne, ana cikin karyar masara. Takarda ta ce 1 ga Janairu, ranar da aka haifi rabin mutanen unguwarmu. Sai da na je na yi rantsuwa cewa ni ne ni. Ranar ɗaukar hoto aka ce in tuɓe hula, in buɗe ido, kada in yi murmushi, in daina karkata kai. Abin da ya fito, uwargida ta juya shi sama da ƙasa, ta ce wannan in ta gamu da shi a hanyar Sabuwa da magariba, gudu za ta yi. Yatsuna ma na'ura ta ƙi su, wai fartanya ta cinye zanen, sai da aka shafa musu mai.

Ga kuɗi. Tun Satumban 2025 irinka mai shekara biyar ya koma naira 100,000, babban yayanka mai shafi 64 da shekara goma 200,000, kuma a shekarar da farashin masara ya durƙusa. Kai ka lissafa buhu nawa ke nan, ni hawan jini nake gudu. Shekara biyar ɗin ma da sauran magana, tunda ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, ba sa karɓarka in saura ƙasa da wata shida ka cika. Na sayi biyar, an auna mini huɗu da rabi. A kasuwarmu wanda ya yi irin wannan awo sai an kai shi gaban sarkin kasuwa.

Kuma kai kaɗai ba ka buɗe ƙofa. Sai biza, sai katin rigakafin shawara, sai takardar likita. Kai dai san noma ne da ke cin dusa rani da damina, in an ɗora masa garma ya ce sai an kira ƙannensa.

Don haka ga kokena. Ba na neman jirgin ruwa, ba ni da niyyar yin hunturu a Marmaris, namu na nan ma da bargo biyu muke fama da shi. Kujerar Makka nake tari, kuma tarin manomi sai a hankali: bana taki ya cinye, baɗi auren ɗiya. Ina roƙon ka fara ƙirga shekarunka daga ranar da aka buga maka hatimin farko. In hakan ya yi maka nauyi, to ka riƙa cire mini watannin damina, tunda kowa ya san daga Yuni zuwa Oktoba manomi ba ya zuwa ko Funtuwa sai da dalili. In kuma duka biyun ba su yiwuwa, ka sanar da ni da wuri in fito da kai daga akwati, ko Maraɗi ce mu je a buga maka hatimi ɗaya, kada ka koma ga Allah da shafi 32 farare fat.

Ina jiran amsa kafin a gama sussuka. Uwargida na gaishe ka, ta ce ka matsa, tana neman wurin sabuwar atamfa.

Haza wassalam.
Naka mai ciyar da kai,
Wani manomin masara, Dandume.