Kai, Ai Ba Kanka Ba Ne!

Tun daga nesa na hango ka kana taɓe baki. Ka ji an ce wani ƙato, lafiyayye, ɗan shekara 24, ya ajiye ƙwallo wai yana jin tsoron abin da za ta yi wa ƙwaƙwalwarsa, sai ka ce: "Ragon maza! Ana zuba masa daloli yana gudu?" To gyara zama, malam, ajiye raken nan tukuna. Yau ni da kai ne, kuma a kan kai za mu kai ruwa rana.

Sunan ragon naka Chris Borland. Ƙwallon Amurkawa yake bugawa, wadda a baki ne kawai take ta ƙafa, amma a hannu ake rungumarta a ruga, ƙarti su tare ka da karo kamar raguna sun ga juna a turke. Kaka ɗaya tak ya yi wa San Francisco 49ers, ya yi fice, a watan Maris na 2015 ya ce ya gode, a kai kasuwa. Ka ce ai ya ƙoshi da kuɗi ne? Ina! Kwantiraginsa na shekara huɗu ne, shekara ɗaya ya ci, kuma ya mayar da kashi uku cikin huɗu na kuɗin sa hannun da aka ba shi. Kai da canjin mai shayi ya kwana uku a aljihunka kana zille masa, kai ne za ka koya wa wannan ƙarfin hali?

Ka ce ba hular kwano suke sawa ba? Suna sawa, mai kyau ma, ba irin taka ta babur da ke rataye a madubi ba. Amma je ka ɗauko ɗanyen ƙwai, ka naɗe shi da auduga, ka yi ta jijjiga shi. Ɓawon ba zai ko tsage ba. Fasa ka ga yadda ciki ya dagule. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. In kai ya tsaya cak, ita ba ta tsaya ba, sai ta bugi bango. Hula ƙashi take karewa. Ba ta da hannun da za ta shiga ciki ta riƙe gwaiduwa.

Na san abin da ke bakinka: "Tsirfar Turawa ce kawai." Ashe? To wanda ya tono zancen ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, mutumin Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A 2002, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh, aka shimfiɗa masa gawar Mike Webster, gwarzon ƙungiyar Steelers da ya mutu yana da shekara 50, bayan ya daɗe cikin ruɗewa da mantuwa, har yana kwana a mota. Da ido, ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Sai da ya yanka ta siri-siri ya saka a madubin likita, ya ga wani sinadari da ake kira tau ya cuccure a ciki kamar zaren da kaza ta yi wasa da shi. Ita ce cutar da ake taƙaita sunanta da CTE. Ya wallafa bincikensa a 2005, likitocin hukumar NFL, gasar ƙwallon Amurkawa, suka nemi a janye shi. Ka ga, taɓe bakin nan ba a kanka aka fara ba, kana da manya a gaba. Sai dai su a 2016 wani babban jami'insu ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa. Kai har yanzu kana turjiya.

A 2017 masana a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan NFL 111, suka sami cutar a 110. Ka ce ai iyalan da suka ga alamar ciwo ne suka ba da gawarwakin, don haka dole adadin ya hau? Kai, ashe ana karatu a gidanku! Gaskiyarka, na ba ka wannan ci ɗaya. Yi murnarka da sauri, don za a mayar da ƙwallo tsakiya.

Ga ta nan. Ka ce can ta matse musu, mu tamu ƙwallon ba ta karo ba ce. A 2019 ayarin Farfesa Willie Stewart na Jami'ar Glasgow ya bi bayanan tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sikotlan sama da 7,000, ba zaɓaɓɓu ba, ya kwatanta su da sauran jama'a. Mutuwa ta hanyar cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka sau uku da rabi a cikinsu. Da aka sake tacewa a 2021, sai ga masu tsaron baya, sarakan sa kai, haɗarinsu ya kai ninki biyar, gola kuwa kusan daidai yake da ni da kai. Fili ɗaya, ƙwallo ɗaya, ruwan sama ɗaya. Me ya raba su? Ɗaya da hannu yake tarewa, ɗayan da goshi. Ba sai an suma ba. 'Yan ƙananan bugun nan ne na kullum, a atisaye da a wasa, ke taruwa kamar bashin mai kanti.

Kada ka ɗauko mini tatsuniyar ƙwallon fata ta da. Eh, tana shan ruwa ta yi nauyi. Amma nauyin busasshiyar ƙwallo a doka bai sauya ba tun 1937, ta yau kuma ta fi gudu. Dutse ne dai, an sauya masa majajjawa.

Kuma ka tuna wasan da Faransa ta fitar da mu 'yan Najeriya a gasar cin kofin duniya ta 2014, ci biyu da nema? A ranar ƙwallo ta daki Raphaël Varane na Faransa a gefen kai. Shekara goma bayan nan ya bayyana cewa ya ƙarasa wasan ne jiki na gudu, hankali ba ya wurin. Bayan kwanaki kaɗan da bugun aka sake jefa shi a wasan Jamus, Hummels nasu ya tashi a kansa ya ci da ka. Gwiwa ce ta yi masa ritaya a 2024 yana da shekara 31, ba zan yi maka ƙari ba, amma ya ce ɗansa ma yana ba shi shawarar kada ya sa wa ƙwallo kai. Kevin Doyle na Ayalan shi kam ciwon kan da ke biyo bayan kowace ƙwallon sama ne ya sa ya ajiye a 2017.

Ni ma fa ban wanke kaina ba. A gidan kallo na sha ganin mutum biyu sun gwara kai, ɗaya ya zube yana kallon sama, ido a juye, benci ya ɗauka: "Tashi, ƙarya kake, lokaci kake ci!" Muryata na ciki. Faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, musamman in kuɗin shiga kawai ka biya, ga gyaɗa a hannu. Mu za mu watse mu manta da wasan kafin asuba. Shi kuma wataƙila nan da shekara talatin matarsa ce za ta riƙa gaya masa sunan jikokinsa.

Ka ce ku da kuka yi ta hedin a filin makaranta, jiri ya kwashe ku, aka kwara muku ruwan randa aka ce namiji ba ya kuka, ga ku nan garau? Garau, ko? Tun da muka fara hirar nan kake laluben makullin babur, ranka ya daɗe, ga shi nan a hannunka na hagu.