Leda ko Gilashi: Shawarwari Ga Mai Son Dafa Tumatirinsa Tun a Jikin Uwarsa

Ba sai ka gaya mini abin da ya kai ka ga wannan tunani ba. Damina ce ta sauka, ka shiga Kasuwar Daji, mai tumatir ya nuna maka ƙwaya huɗu, biyu daga ciki gwalagwaji, ya faɗi kuɗi bai ko ɗago kai ya dube ka ba. Ka koma gida da tumatirin leda, uwargida ta karɓa da yatsu biyu kamar an miƙa mata mushen ɓera. Da dare ɗan ƙanwarka, wanda waya ba ta barin hannunsa, ya nuna maka wani Bature a YouTube yana tsinkar tumatir cikin wata rumfa mai sheƙi, ya ce, "Kawu, wanga abu ba wuya." Haka aka yi mini bara. Saboda haka ba zan ɓata maka lokaci da batun renon iri da dashe ba, wanda ya tashi a garin da fadamar Kwalkwalawa ke bayansa ba a koya masa shuka. Baturen ya ce zaɓi biyu ne: rumfar leda mai kama da kifaffen kwalekwale, ko ɗakin gilashi. Ni ɗaya da rabi na gwada.

Shawara ta ɗaya. Kafin ka sayi komai, tambayi kanka wa ya ƙirƙiro abin, kuma me ke damunsa. Sanyi ke damunsa. A lambun Kew da ke Landan, tsakanin 1844 da 1848, Turawa suka zuba dukiya suka tayar da ƙaton gida na ƙarfe da gilashi, don kawai itatuwan ƙasashen zafi su rayu a garinsu. Hikimar ba ta da tsawo: rana ta shiga, zafi ya rasa hanyar fita. Wato Sakkwato suke saye da kuɗinsu su rufe a akwati. Kai kuwa kana zaune a tsakiyar Sakkwaton, inda a watan Afrilu ma'aunin zafi ke haye 40 ba ya ko neman izini, ka ce za ka gina wa zafi ɗaki ka ba shi katifa. Hatta a Almeriya ta ƙasar Sifen, inda leda ta rufe dubban hektoci har ana hango farinta daga sararin samaniya, in rani ya yi farar ƙasa suke shafa wa rufin don rage rana. Wannan Baturen bai faɗa ba, ko kuma datar ɗan ƙanwata ta ƙare kafin a kai wurin.

Shawara ta biyu. Nemi fili. In kana sabuwar unguwa, Allah ya ba da sa'a, wuce ta gaba. In kuwa irina ne kai, mazaunin gidan gado a Hubbare, zauna mu yi kuka tare. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, kuma tun daga lokacin bayin Allah ke matsowa kusa da hubbarensa suna gini don neman albarkar maƙwabtaka, katanga na jingine da katanga. Babu wanda a cikin kakanninmu ya yi tunanin wata rana jikansa zai buƙaci taku goma don tumatir. Gidanmu an raba shi sau uku a iya sanina, kowane rabo kuma tsakar gida ce ke biyan diyya. Abin da ya rage yanzu yana ɗauke da murhu, turmi biyu, igiyar shanya, akurkin kaji, da wata tsohuwar randa da ba mai amfani da ita kuma ba mai ikon taɓa ta. Da na zo da igiyar awo, uwargida ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, wagga rumhwa taka, bisa kaina za a aza ta?" Aka yi kwana uku ana sulhu. Na samu taku shida a huɗu, na ba da alkawarin atamfa.

Sai shigo da kayan. Wanda bai taɓa juya dogon bututun roba a lungun Hubbare ba, ranar da motocin masu ziyara suka sauke mutane daga Nijar da Kabi da Katsina, bai san ma'anar "gafara dai" ba. Na faɗe ta ya fi sau ɗari. Na ture hular wani dattijo, na nemi gafara, na juya in ɗauko masa, ɗayan bakin bututun ya kwashe faifan mai ƙosai.

Ta uku, ita ledar. Akwai ta gaskiya, mai kauri, wadda aka haɗa da maganin da ke hana rana cin ta, tana iya yin 'yan shekaru. Akwai kuma wadda za a sayar maka. Mai shagon zai ja ta da hannu biyu, ya sa haƙori ya ciza, ya rantse ta ƙasar waje ce. Duk leda ta wata ƙasa ce, ai. Tawa ta yi wata huɗu ta fara fashewa kamar busasshen ɓawon albasa.

Amma in yi adalci, a Nuwamba da na kafa ta abin ya yi kyau. Maƙwabta suka riƙa sallama a zaure don a shigo da su kallo. Shuka ta yi kore shar, ni kuma na fara tafiya irin ta masu gona. Abin da ban lissafa ba shi ne, hunturu lokaci ne da tumatir ke yin kansa a fili ba leda ba gilashi, daga Kwalkwalawa har ƙasan madatsar Goronyo. Nawa ya nuna a Fabrairu, daidai makon da kwando ya faɗi warwas har masu shi ke roƙon a saya. Na tsinko guda goma sha ɗaya na kai wa uwargida a faranti, ta duba, ta nuna mini roba cike da wanda ta sayo da canjin cefane. Ba ta ce komai ba. Da ma ta yi magana.

Kuma hunturun nan ba a banza yake zuwa ba. Hazo ya kwana ya tashi a kan ledar har ta koma kalar bango, haske ya daina shiga, sai an wanke. Wanki kuwa ruwa, ruwa kuwa ɗan garuwa. Ni da nake lissafin jarka nawa za ta kai mu Juma'a, sai ga ni a kan tsani ina yi wa leda wanka, ɗan garuwa na tsaye da kurarsa yana kallona irin kallon da ake yi wa wanda za a kai wa malamai. Shi kaɗai ya ci ribar wannan noma. Har gaisuwar Sallah ya zo mini.

Shawara ta huɗu akuya ta cinye, don haka bari mu yi maganar akuyar.

Ana yabon jar akuyar Sakkwato a duniya. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saya a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunan Maroko. To, duk wanda ya rubuta wannan yabo fata ya gani, bai zauna da mai fatar ba. Ta maƙwabcina tana da ilimin da ba a koyarwa a makaranta. Ta san lokacin da nake tafiya sallar La'asar. Ta san wace ƙofa ce sakatarta ba ta kamawa. Ba ta fara da tumatirin ba, a'a, ledar ta fara ci, daga ƙasa, a natse, kamar mai buɗa-baki da dabino kafin a kawo tuwo. Sannan ta shiga. Da na kai ƙara, maigidanta, dattijo ne da nake jin nauyinsa, ya ce, "Haƙuri za ka yi, ɗana, dabba ce, ba ta da hankali." Na ce, "Haka ne, Baba." A zuciyata kuwa na ce, tsakanin wanda ya sayi leda da kuɗin ragon layya da wadda ta ci ta kyauta, a bar maganar hankali. Washegari ta dawo da 'ya'yanta biyu.

Nan rabin gilashin ya shigo. Na tambayi mai walda kuɗin cikakken ɗaki, ya faɗa, na yi masa addu'a na tashi. Muka daidaita a kan tsofaffin gilasan taga, a kewaye ƙasan rumfar da su daidai tsayin akuya in ta miƙe. Gilashi yana da kirki: iska ba ta yaga shi, rana ba ta cin sa, akuya ba ta tauna shi. Abokin gabarsa ɗaya ne, yaron unguwa. A lungun da faɗinsa bai kai tabarma biyu ba ake buga wasan ƙarshe na kofin duniya kullum bayan an taso daga makarantar allo, kuma ƙwallon ba ta san wani gida ba sai nawa. Ban da masu danƙo da ke harbin tsuntsun da a ko da yaushe yake zaune daidai saitin gilashina. In ka fito da gudu, lungu wayam, sai takalmi ƙafa ɗaya.

Ta nawa muke? Bar shi.

A Maris na sake dashe, don wai ya nuna a farkon damina lokacin tsada, in rama. Tumatir kuwa in zafin rana ya wuce 35, dare ma bai huce ba, furensa zubewa yake yi ba ya ɗaura ɗa. Wannan a fili ke nan. A cikin rumfata, gilashi a ƙasa leda a sama, na shiga da azahar sau ɗaya na fito ina salati. Ƙadangaren da ke kwanciya a kan kwanon rufi da tsakar rana, na gan shi da idona ya leƙa ya juya. Ka ce a ɗage gefe iska ta shiga? Sai ka buɗe wa sharon ƙofa, ƙwaron nan da ya taso daga Kudancin Amurka, wanda a 2016 ya share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Tsutsarsa cikin ganye take shiga ta yi rami, feshi ba ya kai mata yadda ya kamata. Ka rufe, shuka ta dahu. Ka buɗe, a cinye ta ɗanya.

Wallahi abin da ke ci mini rai ba kuɗin ba ne. Wani tsoho da ya yi shekara arba'in yana noman rani ya zo ziyara, ya biyo gidanmu shan ruwa, ya dubi rumfar ya ce, "Malam, mi kaka gasawa ciki?" Da na yi masa bayani sai ya ce shi a bazara ciyawa da karan dawa yake ɗora wa renonsa, inuwa shuka ke nema a ƙasar nan, ba bargo ba. In dole sai na kashe kuɗi, in sayi raga mai rage rana, in kuma damina ce in sa leda a sama kawai don dukan ruwa, gefe a bar iska. In ba haka ba in shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo da zogale, waɗanda suka san garin da suke. Wannan ilimi yana nan kyauta, tafiyar ɗan acaba ɗaya daga ƙofar gidana, na tsallake shi na je na saurari mutumin da ke sa rigar sanyi a watan Yuni.

Uwargida ce ta gano amfanin abin. Ta yanka sauran tumatirinta mai arha ta shanya a ciki, kwana biyu ya zama kauɗa, ba ƙura ba ƙuda ba kaji. Ta bi da kuɓewa da tattasai. Matan lungu suka fara aiko da faifai, ana bin layi. Ashe abin da masana ke ƙerawa a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na'urar busar da kaya da hasken rana, shi na gina ban sani ba, sai dai nawa ya fi tsada.

Hadarin farko na Mayu ya zo da iskarsa da dare, ya ɗauke ledar gaba ɗaya. Da safe muka same ta gida na uku, rataye a wayar lantarki tana kaɗawa. Na tsaya ina jin wani sanyi a raina, na ce to, an rabu. Ina shiga gida uwargida ta tare ni da koko ta ce, "Malam, yaushe za ka sawo wata? Akwai kuɓewar mutane ukku da na amsa." Ban gama haɗiye wannan ba sai ga sallamar ɗan ƙanwata daga zaure, waya a hannu. Wai ya samo wani Baturen da ke shuka latas cikin bututu, ba ƙasa, ruwa zalla. Ɗan garuwa, da ke juye jarka a randa, ya ajiye ta ya matso ya ce a nuna masa shi ma.