Yadda Ake Haɗa Fulofin Tayar da Tsohuwar Kwamfuta Ba Tare da Hawan Jini Ba

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar da ba ta iya tashi daga faifan CD ba, ya san inda gizo ke saƙa: direban da zai sa ta gane CD yana cikin CD ɗin. An kulle ɗaki, makulli na ciki. Tun 1995 aka fito da tsarin El Torito don magance wannan, amma injinan da suka girme shi ba su ji labari ba. To, ga shawarwari ga 'yan'uwa a wahala.

1. Nemo fulofi mai rai. Sony ta daina ƙera shi a 2011, don haka duk wanda ka tono a durowa ya sha ƙurar hunturu ya ƙoshi. Buga format a: /s, ka yi addu'a. Megabait 1.44 kacal yake ɗauka, amma a cikin ɗan wannan fili sai ya samu wurin ruɓewa.

2. A fayil ɗin CONFIG.SYS na fulofin rubuta DEVICE=OAKCDROM.SYS /D:MSCD001. A AUTOEXEC.BAT rubuta MSCDEX.EXE /D:MSCD001. Dole sunayen biyu da ke bayan /D: su zo ɗaya. Wai don Allah wa ya yanke cewa sifili da harafin O su yi kama haka a tsohon allo? Kuskuren harafi guda, injin ya ce bai ga direba ba, ba zai kuma nuna maka layin da ya karkace ba. Ka sake kunnawa, ka jira ya gama ƙirga ƙwaƙwalwarsa a natse, fulofi ya yi gurnani, sannan a ɗauke wuta. A makon nan na gani, har yanzu raina a ɓace yake.

3. Wani zai ce ka ɗauki fulofin Windows 98 ka huta. Ɗauka! Zai ƙirƙiri rumbun wucin gadi a ƙwaƙwalwa ya ba shi harafin D, CD ɗinka ya koma E, kai kuma kana ta buga D kana zargin faifai.

Na huɗu ko na biyar, oho. Idan CD ɗinka irin wanda ake jonawa a katin sauti ne, OAKCDROM ba ruwansa da shi, sai ka nemo direbansa na asali, Allah ya ba da sa'a. Idan fitilar fulofi ta kama ta ƙi mutuwa, an juya wayarsa ne. Idan batirin CR2032 ya mutu, kullum sai injin ya manta daga ina aka ce ya tashi.

Ranar da fulofin ya yi aiki, kafin ka sha ruwa, kwafe shi gida biyu, ka zuge ɗan makullin kusurwa don kada a rubuta komai a kai. Mai zuwa aro kuwa, ka haɗa masa nasa ya tafi da shi. Naka ba ya fita daga gida.