Ɗan Kawu, Ina Kuɗin Gyaɗar Bana?

Ɗan kawu, mutumin Kibiya, ina gaisuwa daga Rano, garin Autan Bawo. Kar ka ɓata rai, ba ni na tsara ba, dokar masarautu ta 2024 ce ta sa Kibiya da Bunkure ƙarƙashin Sarkin Rano. Saboda haka gyara zama, manya za su yi magana.

An ce min kana bugun ƙirji a majalisa wai tunda ka fara riƙe waya ba ka taɓa sayen manhaja ko ta sisin kwabo ba. Gaskiyarka. WhatsApp kyauta, Facebook kyauta, TikTok kyauta, wadda ta ƙi sauka kuma yaron maƙwabta ya tura maka ta Xender. To ina kuɗin gyaɗar bana suka shige? Suna wurin mai sayar da data, da mai caji na bakin tasha, da mai POS da ke zare ladansa kafin ya miƙo maka naka. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari, masu hankali suka rage kallo. Kai kuwa sai ka kalli Labarina a YouTube, ka sake kallo don ka ba mutanen majalisa labari, alhali su ma sun gani.

Ka tuna farkon 2023, da aka canza fasalin naira takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo? Kai ne ka rantse ba za ka sayar da ko tiya ɗaya ba sai ka ƙirga kuɗi da yatsunka. Yau OPay da PalmPay da Moniepoint duk suna wayarka. Ƙosan naira 200 ma sai ka ce mai ƙosai ta karanto lamba, yara na layi a bayanka da kwanukansu, kai kana ɗaga waya sama kana neman sabis kamar mai duban watan Sallah. Abu ɗaya na yaba maka: da harajin naira 50 kan kuɗin da ya kai dubu 10 ya iso waɗannan manhajoji a Disambar 2024, kai ka koya wa 'yan garinku tura 9,999. Ashe akwai lissafi a Kibiya.

Amma babban abin shi ne dangwale. A Mayun 2024 Notcoin ta fashe, ka ji labarin samarin Kano sun kwashi rabonsu, sai ka ce wannan karon ba za a bar ka a baya ba. Ka rungumi Hamster Kombat. Damina guda kana zaune gindin ɗorawa kana dangwalar ɓera a fuskar waya, babban yatsa har ya yi kanta, ciyawa kuwa tana shan shagalinta a gonar kawu. Ka shigar da matarka, ka shigar da ƙannenka, har lambar tsohuwa ka ara don a ƙara maka maki. Ni ka yi min alƙawarin babur, sabo a leda. Ranar 26 ga Satumba Hamster ta fashe. Kwana uku wayarka a kashe, da aka tambaya ka ce batir ne.

Yanzu ga maganar da ta kawo ni. Kullum kana tuna min kai ɗan namiji ne, ni ɗan mace bawanka. Na yarda, ranka ya daɗe. Ubangida kuwa shi ke biyan kuɗin shara ranar cika-ciki, kuma bashin bara yana nan. Da can kana cewa babu canji, ko hanyar Rano ta yi maka nisa. Wayarka ta kashe wannan uzurin. Lambar asusuna ita ce lambar wayata, ka cire sifirin farko. In ka ce sabis ya ɗauke, zan hau ɗan acaɓa in zo, kuma kai za ka biya shi.